Ƙibar Surukata

Ban taɓa shan yabo irin wanda na sha a kan ƙibar surukata ba, kuma har yau in na tuna shi sai in ji kunya ta rufe ni.

Ƴan shekaru ne bayan samun mulkin kai. Na gama makarantar aikin jinya a Yamai, aka turo ni asibitin Tawa da farar riga, da agogon hannu, da keken da nake gogewa sau biyu a rana. Ƙaramin ma'aikaci ne ni, mai wankin gyambo da yin allura, amma mutanen ƙauye ba ruwansu da wannan, majo, wato babban ma'aikacin jinya, kawai suke ce mini, ni kuma ban taɓa gyara musu ba. A shekarar na yi aure. Matata ƴar wani ƙauye ce a gefen Kalfu, mahaifinta ya rasu tun tana ƙarama, uwarta ce ta yi tsaye a kanta. Duk ƙarshen wata nakan ba masu jakunan ƙauyen shinkafa da sukari da man gyaɗa su kai wa surukata.

Kowa ya san ta siririya ce, mai zafin nama, wadda ba a ganin zamanta. Sai ga shi ta fara cika. Fuska ta yi faɗi, hannuwa suka yi kauri, wuya ya cike. Ƙauye ya ɗauka: ai surukin gwamnati ta samu. Ran Lahadi, ranar kasuwar Tawa, dattawan garinsu sukan tare ni su kama hannuna bibbiyu.

"Majo, Allah shi yi ma albarka. Mun ga aikinka ga jikin tsohuwa. Haka aka son suruki."

Ni kuwa sai in sunkuyar da kai in ce ai ba komai, alhali a ciki daɗi kamar ya kashe ni. Wata na gaba na ƙara mudun shinkafa. Shekara guda cur ina shan wannan yabo, kaina yana kumbura fiye da fuskarta.

Wani zai ce, kai da ka yi karatun jinya, ba ka da idanu ne? Ina da su, amma ban taɓa ɗora su a kan fuskar surukata ba. In na je gaisuwa, tun daga nesa nake tuɓe takalmi, in durƙusa a bayan zana, idanuna a ƙasa. Ita kuma tana daga ciki, ta ja gyale ta rufe kai, ta ba ni gefe, ta amsa a taƙaice. Ba ta kama sunana. Ba ta ci ba ta sha a inda zan iya gani. Ranar da muka yi kiciɓis a hanyar rijiya, ni na faɗa cikin gero ta dama, ita ta faɗa ta hagu, muka bar wa awaki hanya. Haka aka rene mu a ƙasarmu ta Adar, kuma ban ga laifin abin ba. Sai dai duk abin da na sani na jikin matar nan, ƙafafunta ne da nake hange ta ƙarƙashin zana.

Cikin bazara matata ta je gida ta kwana uku. Zafin Tawa na lokacin, ko ƙadangare neman inuwa yake. Da ta dawo ta ajiye mini tuwo ta zauna kusa da ni.

"Inna ba lahiya," ta ce.

"Wace irin rashin lahiya? Jiya-jiya anka ce mani ta ƙara ƙiba."

"Cikin rana taka zama da bargo, wai sanyi taka ji. Ta ɗauki taɓarya za ta daka, na iske ta tana barci zaune. In ka yi mata magana sai ka mance mi kac ce kahin ta amsa. Muryatta ta koma awa ta namiji. Ko girarta ta zube."

Lomar da ke hannuna ban kai ta baki ba. Bargo a bazara. Nan take wani shafi na littafinmu na makaranta ya dawo mini, har da zanen da ke jikinsa.

A gaban wuyan mutum, ƙasa da maƙogwaro, akwai wata ƴar tsoka mai fiffike biyu. In ta kumbura ita ce maƙoƙo, wanda ba baƙo ba ne a ƙauyukanmu. Amma aikinta ya wuce kumburi. Wani ruwa take saki cikin jini, shi ne mai hura wa jiki wuta. In ya yi yawa, mutum ya rame, ya yi ta gumi, hannu na rawa, zuciya na sukuwa. In ya yi kaɗan, wutar ta lafa: sanyi, barci, mantuwa, bushewar fata, zuciya ta rage tafiya, jiki ya kumbura. Wannan kumburi shi ne mutane suke sa mini albarka a kai. Ban iya cinye tuwon nan ba.

Da safe na sami lokotoro, babban likitanmu. Mutumin ƙasashen bakin teku ne, mai ƙaton tumbi da saurin dariya, Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "gobe" ba. Na zayyana masa komai da Faransanci. Ya ce in kawo ta. Na aika matata, ta dawo da amsa: lafiyarta lau, kuma ko ciwo ne, ba za ta je ta kwanta a gidan da surukinta ke aiki ba, yana shiga yana fita.

Lokotoro ya yi dariya har ya share hawaye, sannan ya daina. Ya ce a manyan biranen ƙetare masana suna ta bincike a kan wannan ruwa, har sun fara auna shi a cikin jini. Mu a Tawa kayan aikinmu yatsu ne da idanu da agogo. Ya ce in je in ƙirgo masa bugun zuciyarta, in taɓa fatarta, in ba ta ruwa ta sha in ga ko akwai abin da ke hawa da sauka a wuyanta. Ya ce in dai abin da muke zato ne, kuma aka bar ta haka, wata rana cikin sanyi za ta kwanta barci ta ƙi tashi. In kuwa aka kama shi, maganinsa ƴar ƙwaya ce.

Wato in kama hannun surukata, in shafa wuyanta, in tsaya ina kallo tana shan ruwa. Da ya ce in je in kamo kura da hannu, da ya fi mini sauƙi.

Allah ya sa akwai Kaka. Ƙanwar uwar surukata ce, ita ta goye ta, kuma gida ɗaya suke zaune. Tsakanina da ita babu kunya ko ta anini, tunda kakar matata ce, wasa ne kawai. Angona take ce mini. Ƴar tsamurmurar tsohuwa ce mai jan bakin goro, wadda a zamaninta ba a biki a yankin Kalfu sai an kira ta kiɗan ƙwarya.

Na hau keke na bi ta duwatsun nan namu masu cin taya, na iske ta a gindin bagaruwa tana tsinkar zogale. Na ce ina son ta ara mini hannuwanta.

"Hannuwa kaɗai? Sauran jikin hwa, wa ka bar ma shi?"

Na zauna na koya mata. Na ɗora yatsunta uku a wuyan hannuna har ta ji abin yana motsi.

"Angona, taka zuciya gudu taka yi awa ta ɓarawo. Ko don ka zamna kusa da ni na?"

Matsalar ita ce Kaka ba ta san agogo ba, ni kuma ba ni da ikon shiga. Ita ce ta kawo dabara. Ta ce za ta kifa ƙwarya a gabanta, hannu ɗaya a kan jijiyar ɗiyarta, ɗayan riƙe da ludayi. Duk bugu ɗaya ta ƙwanƙwasa sau ɗaya. Ni ina bayan zana da agogona ina ƙirgawa. Na ce wallahi ko a Yamai ba a koya mana wannan ba.

Da hantsi muka yi. Ina durƙushe a wurina na kullum, na ji Kaka tana cewa, "Miƙo hannu." Can sai wata murya mai kauri, a hankali, ta ce, "Na mi?" Ban gane muryar ba. Kaka ta ce, "Ni na goye ki, ba ni biɗar izini. Miƙo."

Na ce, "Bisimilla," ina kallon allurar agogo.

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas. Ina ƙirgawa. Can sai na ji abin ya fara sauri. Ƙwas-ƙwas, ƙwas-ƙwas-ƙwas. Kafin minti ya cika na wuce ɗari da ashirin. Na ce shi ke nan, na yi kuskure, ciwon na ɗaya gefen ne, mai sa zuciya gudu, ga shi har tana tsallake. Ina cikin wannan lissafi sai na ji tafi. Matan maƙwabta sun leƙo, wata har ta rangaɗa guɗa. Ashe Kaka ta saki hannun tun tuni, ta kama ludayi na biyu.

"Kaka! Mi kike yi haka?"

"Wanga kiɗi naka ba shi da rai, angona. Na ɗan sa mashi gishiri."

Na yi dariya har agogo ya kusa faɗuwa cikin rairayi. Na roƙe ta don girman Allah ta bar gishirin, ta buga abin da ta ji kawai. Matan suka tsaya a bakin ƙofa suna jiran a ci gaba da wasa.

Ƙwas.

Na jira.

Ƙwas.

Tsakanin bugu da bugu sai ka ce mai ludayin ta tafi wani aiki. Tun ana ƴan ƙus-ƙus har gidan ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙwaryar nan da kukan kurciya. Da allura ta zagayo ban kai hamsin ba. Muka sake, haka dai. Tsoro ya kama ni sosai, da haushin kaina, don shekara guda matar nan tana mutuwa a hankali ni ina aika mata sukari.

Saura shan ruwa. Wannan kam sai da na bar gidan gaba ɗaya, na je bayan rumbuna na tsaya, aka tabbatar mata na yi nisa. Da Kaka ta fito, a karo na farko tun da na san ta ba ta tsokane ni ba.

"Akwai wani abu ga wuyanta awa ƙwan zabo, in ta haɗiye shi hau, shi sauko. Hannunta kuwa sanyi awa gindin randa." Ta tofar da goro. "Ni na san kiɗi, yaro. Wancan da na buga, ba na mai zama duniya ba na. Yaushe za mu Tawa?"

Ban san abin da ta faɗa wa ɗiyarta ba. Kwana biyu bayan nan suka iso asibiti, surukata a kan jaki cikin bargonta, Kaka a ƙasa tana kora. Sharaɗi ɗaya aka kafa: suruki ba zai ga fuskarta ba. To amma ranar ni kaɗai ne zan iya yi wa lokotoro tafinta. Sai na shiga na tsaya a kusurwa, hancina kusan yana taɓa bango. Lokotoro ya yi tambaya da Faransanci, ni in faɗa wa bango da Hausa ina kiran Kaka, Kaka ta maimaita wa wadda ke zaune kusa da ita kamar ba ta ji ba, amsa ta biyo hanyar da tambaya ta bi.

Muna tafiya lafiya har ya ce in tambaye ta kwana nawa take yi ba ta zaga bayan gida ba. Na ce masa da Faransanci ya yi mini rai. Ya ce tambayar tana cikin aikin. Gumi ya jiƙa mini farar riga. Na yi gyaran murya na ce, "Kaka, lokotoro na son shi sani, ko ciki na... ko ana samun sauƙin... hita."

"Hita ina? Kasuwa?"

Sarai ta gane, so take ta gasa ni. Da ta ga na kusa narkewa sai ta ce, "Kwana huɗu, wani bi biyat. Hwaɗa mashi, kuma ka bar rawar jiki, ba kai anka tambaya ba."

Na ji ya sa ta durƙusa a kan kujera, ya ƙwanƙwasa bayan diddigenta da ƴar gudumarsa ta roba. Daga baya ya ce mini ƙafar ta motsa, amma komawarta sai da ta yi shawara. Wannan ya cike masa abin da yake nema. Ya ɗauko kwalbar ƙananan ƙwayoyi, ya ce daga wuyan tumaki ake yin su, ruwan da jikinta ya kasa yi ne za a ara mata. Za a fara da ɓari kaɗan don kada a firgita zuciyar, a riƙa ƙarawa sannu a hankali, kuma ita da ƙwayar nan har ƙarshen rai. Duk wata in je in ƙirgo masa bugun. Kaka ta ƙulle kwalbar a bakin zanenta ta ce in ɗiyarta ta fara kukan tumaki ni za ta kawo wa.

Makonnin farko ba a ga komai ba, har na fara rashin barci. Sai kumburin ya soma saɓewa. Kafin damina ta yi nisa an shanya bargo an naɗe. Matata ta je ta dawo tana dariya, ta ce ta iske Inna a gona tana yi wa masu noma faɗa wai sun bar ciyawa. Duk wata ina zuwa bayan zana, Kaka na ƙwanƙwasa ƙwarya. Hamsin da wani abu, sittin, sittin da biyar. Kaka ta ce yanzu abin ya fara kama da kiɗi.

Amma ƙauye ya ga abin da ya gani: tsohuwa tana ramewa. Dattawan da ke kama hannuna bibbiyu suka koma miƙo mini yatsu. Aka ce majo ya ga an yabe shi ya maƙe hannu. Wata Lahadi wani dattijo ya ja ni gefe a kasuwa, kusa da masu gishiri, ya yi mini nasiha a kan haƙƙin surukai. Na ce yau zan wanke kaina. Na tara su, na nuna wuyana, na yi bayanin tsoka mai fiffike biyu da wutar jiki, na ce waccan ba ƙiba ba ce, ciwo ne. Suka saurara da ladabi, suna gyaɗa kai. Da na gama dattijon ya ce, "Mun ji, majo, karatu ya yi. Amma dai a ƙara shinkahwa." Daga ranar na haƙura. Yabon da na ci ba da haƙƙina ba, na biya shi da zargin da ban ci ba, na ga an yi daidai.

Bayan girbi na je ƙirge na wata, ashe Kaka ta tafi bikin suna a garin Barmu, sai ta kwana uku. Na yi sallama, na tuɓe takalmi, na durƙusa. Aka amsa daga ciki da murya garau, irin wadda na sani a da. Muka gaisa, gajiya, gida, aiki. Ba mai buga ƙwarya, ga lokotoro yana jiran adadi don ya san ko za a tsaya a kan ƙwayar da take sha. Na duba agogona, na duba zana, na ga ba yadda zan yi. Na fara laluben takalmina.

Sai na ji zanar tana motsi. Karan ya buɗe kaɗan daidai gwiwata, hannu ya fito har wuyansa, tafin yana kallon sama. Siririn hannu ne, mai kantar aiki a tafin, da ƙaiƙayin gero a bayan yatsu.

Na goge hannuna a riga. Na ɗora yatsu uku. Fatar da ɗumi. Jijiyar tana bugawa da ƙarfinta, ɗaya na bin ɗaya ba jira. Na fara ƙirge na ɓata. Na sake, na ɓata, don allurar agogon ta ƙi ganuwa, idanuna sun cika. A na uku na daure na kai ƙarshe: saba'in da biyu. Farin cikin da na ji a bayan zanar nan ban ji irinsa ba sai ranar da aka haifa mini ɗiyar fari. Ina nan durƙushe, na manta ban saki ba.

Can na ji ta yi magana, ba da ni ba, da akuyar da ke ɗaure a tsakar gida.

"Ke, hwaɗa ma mai agogo, in ya ƙare shi sakam mani hannu. Ina da daka."

Na saki. Hannun ya koma, karan ya rufe. Kafin in gama sa takalmi na ji taɓarya ta faɗa cikin turmi.